Littafin aikin awo: hekta 120 da jirgi marar matuƙi a kudancin Kano

Litinin, 11 ga Nuwamba, 2024

Yau aka miƙa mana filin. Hekta 120 ne a kudu da birnin Kano, inda za a gina rukunin gidaje da tituna da magudanan ruwa da makaranta. Mu ba magina ba ne, 'yan safiyo ne. Namu shi ne mu auna ƙasar yadda Allah ya yi ta kafin katafila ta taɓa ta, sannan mu riƙa dawowa duk bayan mako biyu muna auna abin da aka yanke da abin da aka cike, mu ba injiniya lambar da zai biya kuɗi a kanta.

Da a ce da na'urar awo mai ƙafa uku za mu yi, ni da yara biyu da sanda, muna ɗaukar ɗigo ɗaya a duk mita 20, ɗigo 3,000 ke nan, kuma sai mun shafe mako biyu ko uku muna shan rana. Jirgin zai ba mu miliyoyin ɗigogi kafin azahar. Wannan shi ya burge masu aikin. Ni kuwa wani lissafin ne ya tsaya min a rai, har na rubuta shi a bangon littafin nan da jan biro. Hekta 120 murabba'in mita 1,200,000 ne. Kuskuren santimita 3 kacal a tsayi, abin da bai wuce faɗin yatsu biyu ba, in ya bi filin gaba ɗaya ya zama kubik mita 36,000 na ƙasa. Lodin tifa 3,000 ke nan da za a biya babu su, ko kuma a hana mai su haƙƙinsa.

Kayan aikinmu: jirgin Phantom 4 RTK na kamfanin DJI, ya ɗan kwana biyu amma lafiyarsa ƙalau, batura 8, na'urar GPS mai kai biyu (ɗaya na tsaye a kan turke, ɗaya na yawo), da kwamfuta ɗaya mai ƙarfi a ofis. Takardun izini suna cikin jaka. Tun shekarar 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta hana tayar da irin waɗannan jirage ba tare da amincewarta da ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. Ba za mu haura ƙafa 400 ba, wato kimanin mita 120, kuma jirgin ba zai ɓace wa idonmu ba. Filin yana da nisa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, don haka ta nan ba mu da damuwa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun je gaisuwa wurin dagaci, da goro. Akwai ƙauye manne da iyakar filin ta yamma, kuma ba na son mutane su fara ganin abu yana shawagi a kansu kafin su ji daga bakinmu. Tun abin da ya faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disamban 2023, inda jirgi marar matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi, sunan nan ba shi da daɗin ji a kunnen kowa. Na fito da jirgin daga akwati na ajiye a kan tabarma, dattawa suka ɗaga shi suka ji bai kai nauyin zakara ƙosasshe ba, aka yi dariya.

Sai dagaci ya yi tambayar da ban shirya mata ba. Ya ce, "Malam, wannan abin naku yana ganin tsakar gida?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yana gani. Ba zai gane fuska ba, amma zai ga turmi, zai ga shanya, zai ga akwai mutum a tsaye."

Ya ce, "To ka ga katangar da muka yi ta zama banza ke nan."

Gaskiyarsa ce. Daga tsayin mita 100 hoto ɗaya yana ɗaukar faɗin mita 150, wato mita 75 ta kowane gefen jirgin. Muka tsaya a kan cewa layin ƙarshe ta yamma zai bi nesa da katangar farko da mita 80, ragowar zirin kuma mu auna shi da ƙafa. Ana gobe za mu tashi, za a sanar a masallaci. Mai unguwa kuma yana da damar zuwa ya duba hotunan layin kafin mu bar filin. Wannan ya ƙara mana aikin yini guda a kowane zagaye, ban kuma yi nadama ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Kwana huɗu muna kafa alamomi. Wannan shi ne aikin da ba a ɗauka a bidiyo don babu abin kallo a cikinsa, alhali a kansa komai ya dogara. Mun zuba turakan siminti 4 a wajen iyakar aiki, inda muke fatan gireda ba za ta kai ba, muka bar GPS a kan kowanne na tsawon sa'o'i. Daga su muka auna alamomi 16 a cikin fili, baƙi da fari, faɗin santimita 60. Guda 9 za mu nuna wa manhaja don ta ɗaure hotunan da su. Guda 7 kuwa za mu ɓoye mata, sai ta gama aikinta mu tambaye ta tsayinsu, mu gwada da abin da muka auna da hannu. Yaran sun sa musu suna shaidu, sunan kuma ya bi su.

Da ledar talla muka fara yin alamomin, muna kafe su da ƙusa. Washegari 5 sun yi ƙafa, ɗaya kuma akuya ta ci rabinta. Yanzu ƙananan fale-falen siminti muke zubawa mu yi musu fenti.

Talata, 26 ga Nuwamba

Tashin farko. Mun fara ƙarfe 10 na safe don inuwa ta taƙaita. Tsayi mita 100, inda kowane ɗigon hoto yake daidai da santimita 2.7 a ƙasa. Kowane hoto yana hawa kan na gabansa da kashi 80 cikin 100, kan na layin gefe kuma da kashi 70. Ma'ana jirgin yana ɗaukar hoto duk mita 20, tsakanin layi da layi kuma mita 45. Batura 5, hotuna 1,512, sai ƙarin layuka biyu da muka gitta da kyamara a karkace.

A takarda baturi yana yin minti 30. A fili ban taɓa yarda ya wuce 20 ba.

Yara sun fi hamsin a bayanmu. Babba cikinsu na ba shi aikin hana sauran matsowa wurin sauka, ya riƙe aikin kamar an naɗa shi sarauta.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Sa'a 11 kwamfuta tana niƙa a manhajar Metashape. Wuta ta ɗauke sau biyu, inbata ce ta cece mu.

Abin da manhajar ke yi ba sabon ilimi ba ne. Ido biyu ne ke sa mutum ya san nisa, haka hoto biyu na wuri ɗaya da aka ɗauka daga wurare daban. Taswirorin ƙasar nan masu ma'aunin 1:50,000 da irin wannan dabarar aka zana su, daga hotunan da jiragen sama suka ɗauka, kuma tun 1972 akwai cibiyar koyar da awo ta hoton sama a Ile-Ife. Muna ɗalibai a Kaduna mun sha sunkuyawa a kan madubin nan mai ido biyu, hotuna biyu a ƙarƙashinsa, har sai dutse ya taso maka kamar ka taɓa shi, ka tashi kanka na sarawa. Bambancin yau shi ne kwamfuta ce ke sunkuyawar. Tana neman tsakuwa ɗaya ko tushen kara ɗaya a hotuna goma sha, ta lissafa inda jirgin yake lokacin kowane hoto, ta fitar da tarin ɗigogi, kowanne da gabas da arewa da tsayinsa. Daga nan ake samun abu biyu: shimfiɗaɗɗen hoton filin duka wanda za a iya awo a kansa kamar taswira, da siffar tudu da kwarin ƙasar.

Layukan da muka gitta sun yi amfaninsu. In duk hotuna kai tsaye ƙasa suke kallo, ƙaramin aibin gilashin kyamara yakan sa fili shimfiɗaɗɗe ya fito kamar ƙwaryar da aka kifa, tsakiya ta tashi, gefe ya sauka. Namu bai yi haka ba. Shaidu 7, mafi muni a cikinsu santimita 4 a tsayi, kuma wasu sama wasu ƙasa, ba gefe ɗaya suka karkata ba.

Sai murna ta koma ciki. Da na ɗora zanen injiniya a kan hoton, titin shiga ya faɗa cikin gonar wani, ƙofar rukunin kuma ta hau kan bishiyar kuka. Hotonmu ya zame kimanin mita 80 yamma, mita 120 arewa. Na san ciwon tun kafin na gama salati. Zanen an yi shi ne a kan ma'aunin Minna, wanda safiyon Najeriya ya daɗe yana amfani da shi, GPS kuwa da ma'aunin duniya na WGS84 yake magana. Dukansu suna cewa filin yana shiyya ta 32 a taswirar duniya, lambobinsu sun yi kama, amma ba siffar duniya ɗaya suke nufi ba. Haka tsayi ma, na GPS ya ɗara na injiniya da wajen mita 20, domin GPS ba daga matakin teku yake ƙirga ba. Gobe za mu nemo duwatsun iyaka na asali mu auna su, mu juya komai zuwa harshen zanen. Laifina ne da ban tambaya ba tun ranar farko.

Litinin, 9 ga Disamba

An daidaita ma'auni. Duwatsun iyaka 6 muka samu, 5 sun zauna daidai, ɗaya an taɓa tumɓuke shi an mayar ba a gurbinsa ba.

Wata matsalar ita ce kyamara abin da ta gani take aunawa, ba ƙasa ba. Inda aka girbe gero aka kwashe kara, lafiya lau. Inda karan dawa ke tsaye, ko ciyawa ta yi kauri, siffar ta hau sama da santimita 20 zuwa 40. Manhaja tana iya share bishiya don ta fita daban, amma ciyawar da ta rufe hekta guda sai ta ɗauke ta a matsayin ƙasa. Gawo ma ya ba mu aiki. Itatuwa da yawa suna zubar da ganye da rani, shi kuwa yanzu ne ya yi lif, ƙarƙashinsa duhu. Ƙarƙashin kowane gawo da ɗorawa sai da yaro ya shiga da sanda.

Na gaya wa injiniya kada ya sa hannu a kan wannan awon a matsayin tushe. A bar manoma su kwashe karansu, a share, mu sake tashi. Ya ce mako guda zai ci. Na nuna masa lissafin jan biron nan, ya yi shiru.

Alhamis, 19 ga Disamba

Hazo. Ƙarfe 11 rana kamar farin faranti, jirgin ya ɓace min a mita 300. Mun sauke shi. Hotunan da ya ɗan ɗauka sun yi fari fat, ba su da amfani. Ƙura har cikin injinan farfela, mun yini da buroshi.

Litinin, 23 ga Disamba

Gari ya washe, mun tashi. Wannan shi ne awon tushe. Ni da injiniya da wakilin ɗan kwangila duk mun sa hannu, kowa ya tafi da kwafinsa.

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Abu biyu suka fito daga awon tushe, kuma dukansu sun fi lissafin ƙasa muhimmanci.

Na farko, wani kwari ne marar zurfi, bai wuce santimita 40 ba, faɗinsa kamar mita 30, ya ratsa filin a karkace daga arewa maso yamma. In kana tsaye a cikinsa ba za ka san kana cikin kwari ba. Tsohon zanen da aka yi da layukan tsayi na mita ɗai-ɗai bai nuna shi ba sam. Da muka sa kwamfuta ta zuba ruwa a kan siffar, sai ga shi duk ruwan rabin filin ta nan yake taruwa, ya nufi daidai inda aka zana gidaje 14, kwalbatin da aka tanada kuwa yana can mita 90 gefe yana jiran ruwan da ba zai zo ba. Ina cikin nuna wa injiniya a waya, cike da alfahari, sai mai gadin filin, dattijo ne ɗan ƙauyen, ya leƙo ya ce, "Ai nan ne hanyar ruwa, Malam. Muna yara a nan muke kama tarwaɗa in damina ta yi kyau." Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya ce, "Wa ya tambaye ni?"

An mayar da kwalbatin, an ƙara masa girma.

Na biyu, a kusurwar kudu maso gabas na ga wasu 'yan tudu a jere, tsayinsu bai kai tafin hannu biyu ba, kowanne kamar tsawon mutum, duk sun miƙe kudu da arewa. Tururuwa ba ta jera gidanta haka. Muka je muka tarar da tsingaron tukwane a binne a kawunansu. Tsohuwar maƙabarta ce, kabari 23 muka ƙirga. Dagaci ya aiko da dattawa biyu suka tabbatar, suka ce ta wani zango ce da ya tashi tun zamanin iyayensu. Katafila saura kwana uku ta kai wurin. An kewaye shi, an karkatar da titin. Allah ya jiƙansu.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Rigimar da nake jira ta zo.

Mai kawo burji, wani Alhaji mai tifofi, ana biyansa ne a kan lodi, kuma an rubuta kowace tifa kubik mita 12. Malamin ƙofa ya ƙirga lodi 1,850. Wato kubik 22,200. Jirgin kuma, da muka cire awon tushe daga awon jiya a kan titunan da aka cike, ya ba mu 15,600. Giɓin 6,600.

A ofishin kwantena aka zauna. Wakilin masu aikin ya fara maganar lodin bogi da haɗin baki da malamin ƙofa, yaron har idonsa ya kawo ruwa. Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Safiyo, shekara 30 ina zuba ƙasa a garin nan. Abin wasan yaran nan naka ne zai mai da ni ɓarawo?" Na ce, "Alhaji, ni ban ce ɓarawo ba. Na ce abin da ke kan titi ke nan. A ba ni kwana uku."

A zuciyata, in faɗi gaskiya, na fi karkata ga zargin. Lamba in ta fito daga kwamfuta da launi ja da shuɗi tana da kwarjini, har mai ita yakan manta ya tambaye ta me take ƙirgawa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Mun yi gwajin. Gireda ta share mana fili sumul, muka tashi a kansa daga mita 40. Sannan muka tsayar da tifa 20 yadda suka zo, ba zaɓe, direbobin ba su san da maganar ba, aka juye su a wurin. Muka sake tashi. Tsibin ya ba da kubik 214, wato 10.7 a kowace tifa, ba 12 ba. Na hau uku da tef. Akwatin yana cin 12 in an cika shi har baki, sai dai ba a cikawa, don hanyar ramin ɗibar ta lalace, direba yana tausayin sifirin motarsa.

Daga nan aka baje ƙasar, tankar ruwa ta jiƙa, rola ta bi ta kai da kawo yadda ake yi wa titi. Tashi na uku: kubik 165. Ƙasar da aka haƙo takan kumbura, iska ta shiga tsakaninta, in rola ta danne ta kuma ta koma ta fi yadda take a rami matsewa. Kowane ɗalibin shekarar farko ya san wannan, kuma mu duka da muke cikin kwantenar nan ranar Litinin mun sani, amma babu wanda ya tuna, saboda kowa ya riga ya sami wanda zai zarga.

Lodi ɗaya ke nan yana zama kubik 8.25 a kan titi. Sau 1,850 ya ba da 15,262, jirgin kuma ya ce 15,600. Ƙirgar malamin ƙofa daidai take. Cikin giɓin 6,600, kimanin 2,400 rashin cika tifa ne, sauran 4,200 rola ce ta cinye. Wakilin ya ba yaron haƙuri a gaban kowa, na ji daɗin wannan. Alhaji ya yarda a koma biyansa a kan 10.7, ko kuma a gyara masa hanya ya riƙa cikawa. Da zai shiga mota ya ce min, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Tun da na ga lambarka na san ba a ci min 6,000 ba." Ya kuma tambaye ni nawa zan caje shi in auna masa ramin ɗibarsa.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi, ga zafi ya fara. Littafin jirgin ya ce iyakarsa digiri 40, kuma nan da 'yan makonni Kano za ta riƙa haura haka da rana. Allon na'urar sarrafawa yana dusashewa in ya yi zafi, baturi kuma in ya sauko ba ya karɓar caji sai ya huce. Muna ajiye su cikin kular ƙanƙara babu ƙanƙarar, a ƙarƙashin mota. Ɗaya ya kumbura, na fitar da shi daga aiki.

Mun mayar da tashi ƙarfe 8. Inuwa tana da tsawo a lokacin, gefen ramukan magudana yana fitowa da ƙazanta, amma gara haka da jirgi ya faɗo. Mun rage aikin zuwa hekta 14 na tituna kawai, duk filin kuma sau ɗaya a wata.

Ginin makaranta ya kai linta, mun zagaya shi da kyamara a karkace don masu aikin su juya shi a waya su gani daga Abuja. Bulo yana fitowa tsaf har ana ƙirga layi. Rodi da katakon sikafol kuwa sai su fito kamar an tauna, sabon kwano mai sheƙi kuma manhaja ba ta samun abin kamawa a kansa. Sun ji daɗin abin ƙwarai. Ni ban ɗauke shi awo ba, hoto ne mai kyau.

Talata, 15 ga Afrilu

Wanzami ba ya son jarfa, amma dole in rubuta wannan.

Awon ranar Asabar ya nuna an cike kubik 8,400 fiye da abin da tifofi suka kawo. Har na fara rubuta rahoto. Sai na buɗe shafin shaidu, abin da ya kamata in fara yi. Duka bakwai sun hau sama da santimita 6, babu wanda ya saɓa. Kuskure in ya watsu sama da ƙasa, hayaniyar na'ura ce. In kuwa duk ya fuskanci alƙibla ɗaya, to mutum ne. Yaro ya kafa kan GPS na tsaye a kan turken siminti, ya auna tsayinsa ya rubuta a littafi daidai, ni kuma na bar lambar makon jiya a cikin na'ura. Don saurin gama aiki kafin rana ta yi, ban ɗaure hotunan da alamomin ƙasa ba, na dogara da RTK ɗin jirgin kaɗai, wato gyaran matsayi da yake karɓa daga GPS na tsaye yana cikin tashi, shi kuwa abin da tashar ƙasa ta gaya masa yake maimaitawa. Santimita 6 sau murabba'in mita 140,000, ga 8,400 ɗin nan cif.

Hoton bai nuna komai ba. Launukansa sun yi kyau kamar kullum, tituna sun miƙe, ana ganin har sawun taya. Da na tura shi, da an biya.

Daga yau mutum biyu ne ke karanta tsayin, a ɗauki tef ɗin a hoto da waya, kuma babu lambar da za ta fita daga ofis sai shafin shaidu yana manne a gabanta. Na gaya wa injiniya abin da ya faru. Ya ce, "Da ka yi shiru wa zai sani?" Na ce Alhaji mai tifofi zai sani.

Mun kuma tarar gireda ta goge turke na 3 ta kwantar da shi. Saura uku. Za mu zuba sabo a bayan masallacin ma'aikata.

Talata, 20 ga Mayu

Hadari ya taso daga gabas muna tsakiyar layi na tara. Iskar da ke gabansa ta zo da jar ƙura kafin in ankara, jirgin yana ta kokawar dawowa, tafiyar minti biyu ta ci shida. Ya sauka da kashi 11 na baturi, hannuna yana rawa. Daga yanzu yaro ɗaya aikinsa kallon gabas kawai.

Laraba, 11 ga Yuni

Mun dawo daga hutun Babbar Sallah mun tarar an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu. Kafin in buɗe akwatin jirgi sai da na taka zuwa kwalbatin nan. Ruwa ya bi ta cikinsa, ga yashi da karmami da ya bari a bakinsa shaida. Baba mai gadi yana zaune a kan bangon kwalbatin yana jirana, bai ce komai ba, murmushi kawai yake yi.

Hoton yau ya nuna wurare uku da ruwa ya kwanta a kan titi na 5, kuma biyu daga cikinsu tun awon Mayu siffar ta nuna sun yi ƙasa da zane da santimita 5 zuwa 7. Na ukun ban gan shi ba a lokacin, yanzu ma da na koma na duba ban gan shi ba. Ina zargin ƙasar ce ta zauna bayan ruwa, don a nan aka binne bututu. Gobe za mu sa na'urar lebur a kansa.

Ramin ɗibar burji ya zama kududdufi. Kyamara ba ta auna ruwa, samansa yana fitowa kamar ƙaya, ƙasansa kuma ba ta gani, sai dai sanda da igiya. A hoton na ƙirga yara 9 suna wanka a ciki, gefen arewa kuwa zurfinsa mita 4 ne a awonmu na ƙarshe, kuma a tsaye yake kamar bango. Na kai wa injiniya da mai unguwa hoton yau ɗin nan, an ce za a sa waya da mai tsaro.

Ciyawa ta fara tsirowa, matsalar Disamba za ta dawo. Masu aikin sun tambayi ko a ɗauko jirgi mai na'urar leza, wadda haskenta ke ratsa tsakanin ganye ya taɓo ƙasa. Na ce a kan tituna da harsashin gini ba ma buƙatarta, ƙasa a tsirara take. Sauran filin kuma babu mai taɓa shi sai bayan damina, kuɗin hayarta ya fi a sayi batura huɗu da shi.

Wata shirwa ta kawo wa jirgin sura sau biyu a layin ƙarshe, ta fasa bakin farfela ɗaya. Na hau da shi sama da sauri, ta haƙura. Farfelar ajiya saura biyu, na aika a kawo daga Legas.

Tashi na gaba Talata, 24 ga wata. Kafin nan a nome kewayen shaida ta 4 da ta 6, a sake musu fenti, a kuma auna sabon turken bayan masallaci karo na biyu, don tun da aka zuba shi ruwa ya sauka a kansa.